Akalar Kurma

Tun da ƙafafuna suka daina kai ni gona, ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni nan Damagaram, ya ba ni ɗaki kusa da zaure. Gidan yana bakin gudro, babbar hanyar da manyan motoci ke bi. Aikina yanzu bai wuce in shimfiɗa buzu a ƙofar gida bayan la'asar in zauna kallon abin da ke wucewa ba. Mata sun jera bido, jarkokinsu na ruwa, a bakin famfon da ya kwana uku bai ɗiga ba, ƴan kabu-kabu suna ta hayaniya a kan fasinja ɗaya, iska tana wasa da baƙar leda har ta rataye ta a kan bishiya. Duk wannan na saba da shi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne kamiyon raƙuma, manyan motocin da ke ɗaukar su. Bayan ranar kasuwa sukan wuce biyu ko uku. An durƙusar da raƙuman an ɗaure musu gwiwoyi, an cusa su kamar buhunan albasa, wuyoyinsu sun leƙo ta saman ƙarfe suna lilo duk inda motar ta faɗa rami. Na taɓa tambayar ɗana ina ake kai su. Ya ce, "Arewa, Baba. Can ake yanka su. Ai raƙumi yanzu nama ne kawai. Wa zai tsaya jiran abin da zai yi wata guda a hanyar da mota ke yi a kwana biyu?" Ɗana mutumin kirki ne, a biro yake aikin ofis, bai taɓa riƙe akala ba. Ba laifinsa ba ne. Ni ne ban koya masa ba.

Ƙauyenmu yana can gaba da Takaya, inda gonakin gero ke fara sirancewa yashi yana cin bakinsu. A zamanin da nake magana, ba ka bukatar buɗe ido ka san wane lokaci ne. Da asuba za ka ji tarin liman yana wucewa ta bayan danga. Sannan taɓarya ta fara a gidan maƙwabta, wata ta amsa mata daga ƙarshen gari. Sannan kukan igiyar guga a kan itacen bakin rijiya, wanda shekaru suka sassaƙa masa layi-layi. A gidanmu kuma akwai sauti na huɗu, gurnanin taguwar Baba idan an ɗora mata akumari. Kullum sai ta yi wannan ƙorafin, ko kayan bai kai nauyin tabarma ba. Kurma muke kiranta, don kana iya tsayawa kana kiranta har muryarka ta dushe, ba za ta ko juyo da kunne ba, sai in Baba ne. Ita kaɗai ce raƙuminmu. Baba ya saye ta tana ƙarama a wajen Buzaye, tun ina rarrafe. Da damina manomi ne kamar kowa, in an gama girbi kuma ya ɗaura mata kaya ya bi ayari ya kawo gishiri da dabino. Da nononta aka yaye ƙannena biyu. Inna takan ɓoye mata dusa da ɗan kanwa a cikin tsohuwar ƙwarya, ta ba ta a bayan rumbu kamar mai ba ƴar ɗakinta.

Ni ne ɗan fari, Babba ake ce mini, don haka hidimarta a kaina take. In kwance mata dabaibayi da safe, in cire mata kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, in kwashe kashinta in kai wa Inna. Kashin raƙumi a bushe yake faɗowa, ƙwallo-ƙwallo, kana iya jefa shi a murhu nan take ya kama. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma a kan Kurma bakinsa yakan buɗe. Ba ya koyarwa da baki kaɗai, sai ya kama hannunka ya ɗora a wurin. Ya sa na ɗaga ƙafarta na danna tafin, na ji shi da laushi kamar matashi. Ya ce, "Ka gani, Babba? In ta taka yashi sai ya baje, shi ya sa ba ta nutsewa. Doki a nan sai ya karye." Ya sa na tura yatsa cikin bakinta ta gefe, na ji fatar ciki da kaushi da tsini-tsini, ya nuna mini leɓenta na sama a tsage biyu, kowane ɓari yana motsi shi kaɗai, yana tsinko ganye daga tsakanin ƙayar bagaruwa. In ganyen ya ƙare ta haɗa da ƙayar ta tauna. Ya nuna mini gashin idonta jeri biyu, da wata ƴar fata mai shara-shara da take janyowa ta rufe ƙwayar idon tana gani ta cikinta. Ya hura mata iska a hanci, sai na ga ƙofofin sun tsuke sun rufe. Ya buga kantar da ke ƙirjinta da ta gwiwoyinta, ya ce a kansu take kwanciya, shi ya sa yashin da zai gasa ƙafar mutum ba ya taɓa cikinta, iska ma tana wucewa ta ƙarƙashi.

Kwanan baya wani abokin aikin ɗana ya zauna a zauren nan yana bayani wai raƙumi a tozonsa yake ajiye ruwa. Mutum ne da ya yi lakwal, karatun boko har ƙasar waje. Na ƙyale shi, na gaji da gyara wa masu takarda zance. Tozo kitse ne, guzurin taguwa ne na ranar yunwa. In ta ƙoshi ya miƙe, in ta wahala ya langaɓe gefe kamar tsohuwar hula. Ruwa kuwa ba wani tulu gare ta a ciki ba, rowarsa take yi. Baba yakan tashe ni in taɓa wuyanta da sassafe, in ji shi da sanyi kamar randa. Da azahar in sake taɓawa, in ji zafi kamar mai zazzaɓi, amma ba gumi. Ya ce, "Mu da zarar rana ta taɓa mu sai mu fara zubar da ruwanmu. Ita barin jikin take ya yi zafi, ta riƙe zafin, in gari ya yi sanyi ta sauke shi." Fitsarinta kaɗan ne, mai kauri. In za ta kwanta da tsakar rana ba ta ba rana gefenta, fuskantarta take yi, don kada zafin ya samu wuri mai faɗi. Duk waɗannan na haddace su tun kafin in yi gemu. Akwai abu ɗaya da ya gaya mini wanda na ji da kunne kawai. Ya ce raƙumi ba ya manta wurin da ya taɓa shan ruwa, ko shekara nawa ta wuce, kuma hancinsa yana riga idon mutum. Na ɗauke shi irin yabon da kowa ke yi wa dabbarsa.

Shekarar da abin ya faru ina saurayi, na riga na bi ayari sau biyu, har ina jin na san hanya. Damina ta yi mana ƙarya. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya sake sauka aka yi noman fari, daga nan sama ta bushe. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Abin da muka tara bai rufe gindin rumbu ba. Baba ya daɗe yana juya abin, har lokacin tafiya ya kusa wucewa, sannan ya yanke shawara mu ɗauki barkono da taba da ƴan zannuwan saƙi mu shiga arewa mu sauya da gishiri, mu dawo mu kai shi kudu inda aka samu hatsi. Inna ta ce zafi ya riga ya shigo. Baba ya ce ya sani, amma zama ba zai cika rumbu ba. Muka bi ayarin ƙarshe na wannan shekara.

Zuwa lafiya lau. Mun sami gishiri mai kyau. A hanyar dawowa ne zazzaɓi ya kama Baba, irin wanda ke sa haƙora kaɗawa da tsakar rana. Muka sauka a wata rijiya da ruwanta ya ja baya sosai, guga yana fitowa rabi da laka. Baba ya kasa zama a kan raƙumi. Madugun ayarin, wani dattijo mutumin wajen Takyeta, ya tsuguna ya duba shi, ya ja ni gefe.

"Ɗana, ba zan iya tsayar da raƙuma masu yawa haka a kan wannan rijiya ba. Gobe ba za ta ba mu komai ba. Ku huta kwana biyu, ku biyu za ta ishe ku."

Na ce, "To in ya ji sauƙi fa, Madugu?"

"Ka bi sawunmu. Kada ka kauce dama, kada ka kauce hagu, ko me ka gani. Kwana uku za ka iske rijiya a gindin aduwa biyu. Daga can gida ba wuya."

Ya maimaita mini har sau uku, ya sa na faɗa da bakina. Ba mugun mutum ba ne. Abin da ya sani ya gaya mini.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya ɗan sake shi. Na shayar da Kurma iya abin da rijiyar ta bayar, na cika salkunanmu biyu, na rage gishirin na gyara wa Baba wurin zama a tsakiyar kaya na ɗaure shi da rawani don kada ya faɗo. Na riƙe akala na shiga gaba. Ranar farko da yamma iska ta taso daga gabas da yashi, har ba na ganin hannuna. Kurma ta durƙusa da kanta, ta miƙe wuya a ƙasa, ta rufe hanci. Na sauko da Baba muka laɓe a jikinta na lulluɓe mu da bargo. Da iskar ta faɗi, ta tashi ta girgije kamar ba a yi komai ba, mu kuwa yashi har cikin haƙora. A nan na ga ɗinkin salka ɗaya ya buɗe, ruwan ya tsiyaye cikin gishiri. Saura ɗaya. Iskar ta share sawun ayari, amma kashin raƙumansu yana nan jefi-jefi, shi na riƙa bi.

Washegari zazzaɓin ya dawo da ƙarfi. Tun safe Baba yake magana da wansa da ya rasu shekaru da yawa, yana kiran Inna ta kore awaki daga gona. Da hantsi muka zo gindin wani dogon tudun yashi mai busasshiyar bishiya ɗaya a kansa. Nan Kurma ta tsaya cak. Ta ɗaga kai sama, ƙofofin hancinta suka buɗe, ta daɗe a haka. Sannan ta juya hagu ta fara tafiya, ta ja ni da akalar. Na dawo da ita. Ta sake juyawa. A hagun nan ba sawu, ba kashi, ba komai sai yashi da ƙyallin rana.

Daga saman kaya na ji muryar Baba, a hankali amma sarai. "Babba, sake mata akala."

Na ce, "Baba, Madugu ya ce kada mu kauce."

"Sake mata."

Na ɗaga kai na dube shi. Idanunsa a rufe, leɓunansa sun tsage. Mutumin da ɗazu yake korar awaki a tsakiyar hamada. Na ce a raina zazzaɓi ne ke magana. Ga hanya a gabana wadda mutane masu hankali suka bi, ga maganar Madugu da na faɗa da bakina, ga salka ɗaya. In bar duk wannan in bi hancin dabba? Na naɗe akalar a hannu na finciko. Ta turje. Na ɗauki sanda na dake ta a wuya, na dake ta a ƙafa, ni da ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Na riƙa fizgar igiyar har zoben da aka ɗaura wa akalar ya yaga mata hanci, jini ya sauko ta leɓenta yana ɗiga a yashi. Ta yi wani dogon kuka. Sannan ta biyo ni. Har muka yi nisa tana waiwayen hagu.

Rana ta uku da la'asar sakaliya na hango aduwa biyu. Na saki akala na ruga da gudu. Rijiyar ta rufta. Itatuwan bakinta sun karye sun faɗa ciki, yashi ya bi su ya cike ta. Ga alamar inda mutanen ayari suka yi tono suka gaji, ga tokar wutarsu, ga sawunsu sun wuce cikin sauri. Na shiga ramin da ƙwarya na yi ta kwasa, ina kwasa yana zubowa, har ƙwaryar ta fashe na koma da hannu, har farcena suka fara jini. Ko danshi ban taɓa ba.

Da gari ya waye zazzaɓin ya bar Baba gaba ɗaya, hankalinsa ya dawo. Na kwantar da shi a inuwar aduwa. Abin da ya rage a salka bai fi cikin ludayi uku ba. Na kai masa baki, ya datse haƙora ya kau da kai.

Ya ce, "Kwana nawa rabonta da ruwa?"

"Yau na huɗu, Baba. Kuma ba ta ƙoshi ba."

"Tana da sauran ƙarfi, ta fi haka jurewa. Sauke gishirin nan duka. Ka hau, ka ɗaure kanka. Kada ka taɓa akala."

Na ce, "Tare za mu hau."

"Ni nan zan tsaya. Ruwan naka ne, kurɓi ɗaya in rana ta take, kurɓi ɗaya in ta faɗi."

Na jira ya ce mini wani abu a kan tudun nan, ya zage ni, ya ce da ka ji maganata. Bai ce ba. Ya tambaye ni ko na duba hancinta, ya ce in na samu man shanu in shafa mata kada ƙuda su ɓata wurin. Kafin rana ta take ya cika.

Ba ruwan da zan yi masa wanka. Taimama na yi masa, na buga hannuwana a yashi na shafa masa fuska da hannuwa. Na naɗe shi da rawaninsa, na yi masa salla ni kaɗai, na binne shi a gindin aduwa ta dama, na jera gishirin da muka sha wahala a kansa a saman kabarin don kada kuraye su tona. Sannan na hau Kurma na ɗaure ƙuguna da akumari, na jefa mata akalar a wuya.

Ba ta bi sawun ayari ba, ba ta kuma koma ta inda muka fito ba. Ta yanka ta tsakiya, ta inda ba hanya. Tafiya take ba sauri ba tsayawa, haƙarƙarinta duk sun fito, tozon ya kwanta. Abin da na iya tunawa kaɗan ne, ƙarar tafinta a yashi, da harshena da ya kumbura ya cika mini baki. Washegari wajen azahar na ji kukan awaki, na ɗauka mutuwa ce ta zo da irin nata mafarki. Rijiya ce ta Buzaye a cikin wani kwari, mata suna shayar da dabbobi. Suka kwance ni suka sauke. Wata tsohuwa ta hana su ba ni ƙwarya, ta riƙa jiƙa tsumma da ruwa da nono tana matsa mini a baki kaɗan-kaɗan. Ina kwance ina kallon Kurma a bakin komi. Ana zubawa tana shanyewa, ana zubawa tana shanyewa, har masu jan guga suka fara dariya. A gaban idona cikinta ya taso, haƙarƙarin suka ɓace, ta ɗaga kai ta kaɗa leɓe ruwa ya watsu.

Tsohuwar ta zagaya ta, ta tsaya a kan tambarin da ke cinyarta ta shafa. Ta dawo wurina da ƴar Hausarta. "Ɗan Hausa, ina ka samu wannan?"

Na ce ta babana ce, tun tana ƙarama ya saye ta.

"Tambarin gidanmu ne. A kwarin nan aka haife ta. A komin nan ta fara shan ruwa." Ta duba hancin. "Wa ya yi mata haka?"

Na tambaye ta ko ta san wani dogon tudu mai busasshiyar bishiya a kansa, a kan hanyar ayari. Ta ce kowa ya san shi. Na ce daga can zuwa nan tafiyar kwana nawa ce.

Ta ce, "Kwana? In ka tashi da hantsi, a nan za ka yi la'asar."

Yanzu in na ji ana labarin samarin da ke tafiya arewa neman aiki a bayan ƙananan motoci, sai in tashi in shiga ɗaki. Ɗan maƙwabcinmu na nan unguwar ya tafi haka, da waya a aljihu mai nuna hanya. Motarsu ta lalace a tsakiyar yashi. Waɗanda suka tsira sun ce sun zauna a inuwarta suna jira har bidonsu ya ƙare. Mota in ta mutu ta mutu, ba ta san inda aka haife ta ba, ba ta jin ƙanshin komai. An haƙa foraj, rijiyoyin burtsatse, a wurare da yawa, na ji, amma an bar tsofaffin rijiyoyi sun rufta, waɗanda suka san sunayensu kuma sun ƙare. Ƴan raƙuman da suka rage a gefen gari a juji suke kiwo. Wani mahauci ya gaya mini yakan fasa cikin raƙumi ya ciro dunƙulen leda da igiya wanda mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Bakin da ke tauna ƙaya ya narkar, leda ta gagare shi. Amma ni ba ni da bakin zagin mutanen yanzu, kuma ga dalili.

Buzayen sun riƙe ni har na iya tsayuwa, suka raka ni zuwa inda na gane hanya. Labari ya riga ni isa gida, don mutanen ayari sun ce rijiyar aduwa ta rufta, kowa ya ɗauka mun mutu mu biyu. Da aka gama koke-koke, aka yi sadakar uku, aka watse, Inna ta kira ni bayan rumbu. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta tsaya tana kallon Kurma da ke kwance tana tuƙa.

Ta ce, "Kai, in tambaye ka. Shi kullum cewa yake muddin yana tare da ita ƙishirwa ba za ta kashe shi ba. Ba ta nuna muku ko'ina ba?"

Na dubi Inna, na dubi ƙasa. Na ce, "Ba ta nuna ba, Inna. Sai bayan ya rasu."

"Hancin fa?"

"Ƙaya ce."

Ta gyaɗa kai ta koma ɗaki. Daga ranar ba ta sake kai mata dusa ba. Ko sunanta ta daina faɗa, sai dai ta ce wannan abar.

Yunwa ta shigo sosai. Muka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu. Mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe ƴan ƙwayoyin da suka tara. Ƙaramar ƙanwata ta daina wasa, sai zama a jikin danga. Kurma kuwa tana nan da ranta, tana cin ƙaya da busasshen reshe, abin da ya kashe shanun gari kaf bai kashe ta ba. Da na yi haƙuri da ita zuwa wata shekara, da ita za ta sake tayar da gidan. Kawu, ƙanen Inna, ya zo ya ce a sayar da ita a sayi hatsi. Na san da a da ne, Inna za ta ce sai dai a sayar da ita tare da taguwar. Ta ce, "Ku kai ta. Na gaji da ganinta." Suka juyo suna jiran ta bakina. Kalma kaɗan ce za ta tsayar da maganar. Na ce to.

Ni na ja ta zuwa Damagaram, wannan garin da nake zaune yau. A kasuwar dabbobi ba mai neman raƙumin aiki, kowa sayarwa yake. Mahauta kaɗai ke saye. Wanda ya tsaya a kanta ya danna tozon ya taɓe baki, ya ce ba komai a jikinta sai fata da ƙashi, don Allah kawai zai karɓa. Muka daidaita a kan hatsi. Ya ja akalar don ta durƙusa, ta ƙi. Yaransa suka daki gwiwoyinta, ta ƙi. Ya ce, "Samari, taimaka mana, kai ta sani." Na matsa kusa da ita, na yi sautin nan da Baba ke yi a maƙogwaro. Ta dube ni. Ta lanƙwasa ƙafafun gaba, ta sauke na baya, ta zauna a kan kantarta. Suka ɗaure gwiwoyin. Na juya na bi mai auna hatsi, ban waiwaya ba, amma kasuwar ba ta da girman da zai hana ni ji.

A jakin wani mutumin garinmu na ɗoro hatsin. Ranar da na isa, Inna ta surfa ta daka da kanta, ta tuƙa tuwo na gaske, irin wanda muka yi watanni ba mu gani ba. Ƙannena suka kewaye akushi ba mai magana, sai ƙarar haɗiya. Ƙaramar ta ci har ta yi barci da loma a hannu. Wannan hatsin shi ya kai mu damina, ba wanda ya mutu a gidanmu. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta ga jikoki, ta rasu a hannuna, kuma har ta koma ga Allah tana ganin taguwar ce ta ci amanar mijinta.

A daren tuwon nan, bayan magariba, ta zauna a bakin murhu tana kallonmu muna ci. Ta ce, "To, ko ba komai a ƙarshe dai ta yi mana rana ɗaya."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na buɗe baki in gaya mata. Sai ta turo mini akushin da ƙafar ludayi, ta ce, "Kai, ci mana. Kai ka sha wahalar hanya."

Na jawo akushin na ci, har na sanya hannu na ƙara.